Kwana Uku A Rumfar Kara: Tunawa Da Kalankuwa A Ƙasar Ikara

Kwanakin baya ɗana da ke karatu a Zariya ya zo hutu, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, dubi ikon Allah." Hoton wani makeken fili ne a Ingila, tantuna jere iya ganinka, ga taɓo har idon sawu, ga jama'a kamar fari. Ya ce wai bikin kiɗa ne da ake kira Glastonbury, mutane kan tare a gonar wani mai kiwon shanu su yi kwanaki suna sauraren mawaƙa. Na ce masa, "Ni da kake gani na taɓa kwana uku a gona saboda kiɗa, ban kuma bar Jihar Kaduna ba." Ya yi dariya, a zatonsa zolaya nake yi. Da na ambaci kalankuwa sai ya tambaye ni ko sunan wani mawaƙi ne.

Wannan tambaya ita ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Yaro ɗan asalin Furana, jikan manoma, ya san bikin Turawa, bai taɓa jin sunan na kakanninsa ba. Laifin kuwa namu ne, domin mu da muka gani muka ja bakinmu muka yi shiru.

Bari mu fara da nasu, tunda shi ya tayar da maganar. Wanda ya fi suna a tarihi shi ne Woodstock, da aka yi a Amurka cikin watan Agusta na 1969, inda mutum wajen 400,000 suka taru a wata gonar kiwon shanu a Jihar New York. Shekara guda bayan haka, a 1970, wani manomi mai suna Michael Eavis ya fara na Glastonbury a gonarsa da mutum kamar 1,500, kuɗin shiga fam ɗaya har da kyautar madara. Yanzu masu halarta sun kai wajen 200,000, kuma bayan 'yan shekaru akan tsallake shekara guda don ƙasar ta huta, kamar yadda mukan bar gona ta zama saura. Su suna yin nasu ne a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya sake su. Mu kuwa a waɗannan watanni wa ya ga ta kiɗa? Kowa na duƙe a gona. Bahaushe ba ya sakewa sai kaka ta yi, an yanke dawa, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi. To a nan ne kalankuwa take shigowa.

Kalankuwa biki ne na samari da 'yan matan karkara, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona. An san ta a ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, kuma kowane gari da irin tasa. A yankinmu, kamar yadda na taras kuma manya suka ba ni labari, shirinta kan fara tun da damina. Samari kan yi noman gayya ko su yi ƙwadago a ƙungiyance su tara kuɗi a hannun ma'aji. In kaka ta yi sai Sarkin Samari ya je ya faɗi gaban mai gari ya nemi izini, a sa rana, a raba goro zuwa garuruwan maƙwabta. Wanda ya karɓi goro ya karɓi gayyata, rashin zuwansa kuwa abin gori ne har baɗi.

Abin da ya bambanta ta da sauran wasanni shi ne naɗe-naɗen muƙamai. A kwanakin bikin samari kan kafa gwamnatinsu ta wasa, da alƙali da 'yan sanda da likita da gidan yari na kara. In ka bi waɗannan muƙamai a hankali za ka karanta tarihin ƙasar nan. Kawuna ya ce a zamaninsu na ƙuruciya akwai Razdan da Di'o da 'yan doka, har da mai shafa farar ƙasa a fuska yana magana ta hanci, tafinta na fassarawa. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka shiga naɗa Firimiya da ministoci. Da soja suka karɓi mulki a 1966 sai ga Gwamna da kakinsa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya kuma ba mu ƙaramar hukumar Ikara, ya kawo Ciyaman da kansiloli cikin wasan. A lokacin Makarfi da Kudan duk a ƙarƙashin Ikara suke, daga baya aka yanke su. Irin wannan kwaikwayon masu mulki ba mu kaɗai ke yin sa ba, akwai wasan kara a Damagaram, akwai wasan gauta da matan fada ke yi.

Masana ma ba su raina abin ba. Malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Michael Etherton cikin shekarun 1970, sun riƙa halartar kalankuwar Bomo da ke gefen Samaru suna nazarinta. Haka kuma duk wanda ya karanta littafin Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ya san cewa a dandalin ƙauye wajen waƙoƙin asauwara Mamman Shata ya fara buɗe murya. Ashe irin waɗannan filaye su ne makarantar da manyan mawaƙanmu suka fito.

Ni tawa kalankuwar a kakar 1984 na gan ta, ina da shekara goma sha uku, a ƙauyen kakannina na wajen uwa da ke ƙasar Makarfi. Baba bai so ba. Inna ce ta yi dabara ta ce a bar ni in raka Yaya mu kai wa Kaka gyaɗa da barkono, ta kuma ɗaure mini naira biyu a bakin zanen da zan rufa. Muka hau akori-kura da samarin garinmu su kusan ashirin, kowa da tabarmarsa a naɗe, da buta, da sabuwar riga a cikin leda don kada ƙura ta ɓata ta.

Ba a cikin gari aka sauke mu ba. Wata babbar gona ce a bayan gari da aka riga aka yanke dawarta, aka share kututture. Kowane gari da unguwarsa: ga mutanen Gimi, ga na Gubuchi, ga na Hunkuyi, ga mu na wajen Ikara. Aka nuna mana tarin kara da zana aka ce bismillah. Kafin la'asar mun kafa dirkoki mun jingina kara mun yi rumfa mai ɗaukar mutum goma, muka shimfiɗa harawa a ƙasa muka ɗora tabarmi. 'Yan mata baƙi su a gidajen gari ake sauke su, a hannun dattijai mata, sai da yamma su fito da rakiya.

Wanda bai kwana a fili cikin hunturu ba bai san sanyi ba. Tsakar dare iska kan ratso ta tsakanin kara kamar ana tsira maka allura, ga ƙaiƙayin dawa, ga ƙura har cikin haƙori. Sai mu tashi mu hura wuta da kara mu kewaye ta, ana gasa dankali ana shan rake, Sarkin Wuta na zagayawa da sandarsa yana tsawata wa duk wanda ya matso da wuta kusa da rumfa. Ruwa sai an je rafi. Amma abinci kam ba a magana. Kowane gida a garin sai ya fito da akushin tuwo safe da dare a kai wa baƙi, ba ko kwabo. Ga kuma kasuwar dare da ta ci da hasken aci-bal-bal: masu tsire, masu ƙosai da waina, masu mazarƙwaila wadda a nan yankin ake dafa ta, masu turare da ɗan kunne.

Kiɗa kuwa ba ya yankewa. Da hantsi masu gangar noma, da la'asar a buɗe fagen kokawa da dambe, 'yan kama da 'yan gambara na bi rumfa rumfa suna ba da dariya. In dare ya yi sai 'yan mata su yi da'ira su fara gaɗa, sannan masu kalangu su karɓa. An ɗauko wani mai kukuma daga Zariya, aka ɗaura masa lasifika a kan bishiyar ɗorawa aka haɗa da batirin mota. Sanƙira na kiran sunan saurayi da na ubansa da yawan damin da ya noma, shi kuwa ya fito yana taƙama yana liƙi. A wannan fili Yaya ya fara ganin matar da yau ta haifa masa 'ya'ya tara.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne shari'ar da aka yi a rana ta biyu. Shekarar ce gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, saboda haka Gwamnan kalankuwa da kakin soja ya fito, 'yan sandansa na sa mutane bin layi ko tuwo za a karɓa. Mai tsallake layi a yi masa tsallen kwaɗo ko tarar kwabo goma. Ana cikin raha sai aka gurfanar da wani saurayi da ya cusa tsummoki a riga ya yi ƙaton tumbi, yana tafiya irin ta wani mai faɗa a ji da kowa ya sani. Laifinsa wai takin zamani da aka aiko wa manoma ya shiga ɗakinsa da dare ya fito da sabon farashi. Alƙali ya tambaye shi ina taki, ya ce gara ta cinye. Aka ce har da buhunan? Ya shafa tumbi ya ce garar ta bana manya ce. Fili ya kece da dariya, har da dattawan da ke gefe suna rufe baki da rawani. Mutumin da ake nufi yana wurin a zaune kan kujera, ba shi da ta cewa, don wasa ne, kuma mai fushi da wasa shi ya tona kansa. Maganar da ba wanda ya isa ya faɗa a ƙofar fada, ga shi yara sun faɗe ta a gaban kowa.

To sai dai in na tsaya a nan ban yi adalci ba, kuma Baba yana da hujjarsa. Can ƙarshen fili, inda hasken fitila bai kai ba, akwai 'yan caca, akwai masu sayar da burkutu, akwai mata masu zaman kansu da suka zo daga birni. Na ga wani magidanci ya sa kekensa a karta, gari na wayewa ya kama hanyar gida a ƙasa yana share hawaye. Akwai samarin da kan karyar da hatsin shekara don a kira sunansu a lasifika, kafin damina su koma cin bashi. Sallah ma sai mai tsoron Allah ke tuna ta. Duk wanda ya ce maka ba a ɓarna a kalankuwa, son zuciya ne ya rufe masa ido.

Shi ya sa da wa'azi ya yi ƙarfi, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, bikin ya rasa masu kare shi. Malamai na kowane ɓangare sun yi magana a kan cakuɗuwar maza da mata, iyaye suka fara hana 'ya'yansu. Da guguwar shari'a ta taso daga Zamfara a 1999, masu gari da yawa suka daina ba da izini. Amma ba wa'azi kaɗai ya kashe ta ba. Makarantar boko ta ɗebe yara tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Noman rani ya cinye hutun kaka, domin mai tumatir da rake a fadama ba shi da kwana uku na banza. Kaset ya kawo Shata har cikin ɗaki, finafinan Hausa suka biyo baya daga 1990, sai ga waya ta zo ta gama da sauran. A 'yan shekarun nan kuma matsalar tsaro ta sa ko mahaukaci ba zai ce jama'a su kwana a bayan gari ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida Kawu, wanda shi ne Sarkin Samari a waccan shekara. Yanzu ya tsufa, kullum yana sahun gaba a masallaci. Na ce, "Kawu, so nake ka ba ni labarin kalankuwa in rubuta." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kai dai ba ka rabo da tone-tone. Wannan ai zamanin jahilci ne, Allah ya yafe mana." Na yi shiru. Can sai na ji ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka tuna mai tumbin nan?" Daga nan bai tsaya ba sai da aka kira la'asar. Ya lissafa mini garuruwa goma sha ɗaya da suka zo, da gidajen da suka yi tuwo, da rigimar iyakar gona tsakanin garuruwa biyu da aka sasanta a rumfarsa. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "In za ka rubuta, ka rubuta duka. Kada ka wanke mu, kada kuma ka ce ba mu san komai ba sai shashanci."

Abin da na yi ƙoƙarin yi ke nan. Ban ce a dawo da caca da burkutu ba, Allah ya kiyaye. Amma ina tambayar kaina, ina samarin ƙauye suke koyon tara kuɗi tare, da saukar baƙo, da faɗa wa babba gaskiya cikin raha, tunda wancan fili ya tafi ba a kafa wani a madadinsa ba? Ga marubutanmu kuma, masu kai jarumansu Dubai da Landan, ga labari nan kwance a bayan gari ba wanda ya ɗauka. Masu irin shekarun Kawu saura ƙalilan. Wanda yake da irinsu a gida ya ɗauki biro da takarda ya je ya zauna kusa da su tun suna iya tunawa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yafe mana kurakuranmu baki ɗaya. Wassalam.