Tantance Iya Karatu ga Yara 'Yan Firamare

Tantance iya karatu ɗan gajeren gwaji ne da ake yi wa yara daga ajin share fage zuwa aji 3 na firamare, domin a gano mai buƙatar ƙarin taimako tun kafin a bar shi a baya. Ba jarrabawar cin aji ba ce, kuma ba ya tabbatar da wata larura. Kamar awon hawan jini yake, yana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa.

Me ya sa ake yin sa da wuri?

Yaro yana koyon magana da kansa, amma karatu sai an koya masa haɗa harafi da sautinsa. Wasu yaran suna shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma, alhali basirarsu lafiya lau. Ana kiran wannan larura disleksiya, kuma takan bi jini. Taimakon da aka ba yaro a aji 1 ko 2 ya fi amfani a kan wanda aka jinkirta, domin daga aji 4 kusan kowane darasi sai da karatu ake fahimtarsa.

Yadda ake gwajin

Malami yakan zauna da yaro shi kaɗai na kimanin minti 15, ya duba:

- haruffa nawa yake ganewa cikin minti ɗaya;
- ko yana iya faɗin sautin farko na kalma, kamar "k" a "kaza";
- ko yana iya karanta kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, irin su "mofi", waɗanda ba a iya haddace su;
- saurinsa da daidaitonsa wajen karanta gajeren labari;
- ko ya fahimci abin da ya karanta.

A Ingila, tun 2012 ake gwada 'yan aji 1 da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira. A Najeriya an yi amfani da gwajin EGRA cikin harshen Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato. Ya fi kyau a gwada yaro da harshen da yake ji, don kada rashin jin Turanci ya zama kamar larura.

Alamomin da iyaye za su lura da su

- jinkirin fara magana;
- mance haruffa duk da yawan maimaitawa;
- cinkar kalma maimakon karanta ta;
- gudun karatu, ko kukan ciwon ciki da safe a ranakun makaranta.

Rikita "b" da "d" ba abin damuwa ba ne kafin shekara 7, idan babu wasu alamun.

Idan yaro bai yi kyau a gwajin ba

Da farko a kai shi asibiti a duba idanunsa da kunnuwansa. Ruwan kunne da raunin gani suna hana karatu, kuma ana maganinsu. Likita zai tambayi ko yaron ya taɓa yin sanƙarau, farfaɗiya ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya kuma duba ƙarancin jini.

Sannan a nemi malami ya riƙa koya masa haruffa da sautukansu daki-daki a ƙaramin rukuni, a sake gwada shi bayan zango ɗaya. Idan babu ci gaba, a nemi ganin likitan yara ko masanin halayyar ɗan Adam.

Kada a doke shi, kada a kira shi daƙiƙi. Tsoro yana ƙara dagula koyo. A ware minti 10 zuwa 15 kullum a yi karatu tare da shi cikin natsuwa.