Buzuzun Ruwa: Mazauni Ɗaya, Zuri'a Daban-daban

Duk ƙwaron da fukafukansa na gaba suka ƙafe suka zama ɓawo, suka rufe na baya masu laushi, masana suna sa shi a rukunin Coleoptera. Buzuzu da hangara da ƙwaron da ke huda wake a rumbu duk 'yan wannan gida ne, kuma jinsunan da aka san su a cikinsa sun kai kusan 400,000. Kaɗan ne daga cikinsu suka koma ruwa. A shekarar 2008, Manfred Jäch da Michael Balke sun ƙiyasta cewa akwai jinsi kusan 18,000 na buzuzun ruwa a duniya, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa kimanin 12,600.

Abin da ya kamata mai nazari ya fara riƙewa shi ne, waɗannan ƙwari ba su haɗa kaka ɗaya da ya shiga ruwa ya hayayyafa ba. Asalinsu duka na tudu ne, kuma zuri'o'i daban-daban sun gangara ruwa, kowace a zamaninta, sau takwas ko fiye. Shi ya sa ƙwari biyu za su yi kama a ido, baƙaƙe, sumul, masu siffar ƙwai, alhali dangantakarsu ta yi nisa ƙwarai.

A ɗauki iyalai biyu da aka fi cin karo da su a kududdufi. Na farko Dytiscidae, mai jinsi sama da 4,000, daga reshen Adephaga, wato dangin ƙwarin farauta na tudu. Na biyu Hydrophilidae, daga reshen Polyphaga, inda buzuzun kashin shanu yake. In aka zuba su a roba ɗaya aka zura ido, bambancin zai fito. Ɗan Dytiscidae yana tuƙa ƙafafunsa na baya a tare, kamar mai kwalekwale da ke jan filafilai biyu lokaci guda. Idan iska ta ƙare masa, sai ya taso ya ɗaga ƙarshen cikinsa sama, kai a ƙasa, ya cika sararin da ke ƙarƙashin ɓawon fukafukansa, ya sake nitsewa. Ɗan Hydrophilidae kuwa ƙafa ɗaya bayan ɗaya yake motsawa, da kai yake tasowa, ya fasa fuskar ruwa da gajeren ƙahonsa mai kulki a baki, iskar ta bi ta nan ta shimfiɗu a ƙirjinsa da cikinsa har ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Matsala ɗaya ce, numfashi a cikin ruwa, amma kowace zuri'a da kayan da ta gada ta warware ta. A ganina babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa mazauni bai isa ya zama ma'aunin rarrabewa ba.

Abincinsu ma ya sha bamban. Dytiscidae mafarauta ne tun suna tsutsa. Tsutsar tana da haƙora biyu masu lanƙwasa da kafa a ciki. Takan caka su a jikin talibambam ko 'yar kifi ko tsutsar sauro, ta tura ruwan da ke narkar da nama, sannan ta tsotse. Manyan jinsin Cybister, da ake samu a Afirka da Asiya, suna wuce santimita 3. Su Hydrophilidae tsutsarsu ce ke farauta, manyan galibi ruɓaɓɓen ganye da gansakuka suke ci. Wani reshe nasu, Sphaeridiinae, ya ma bar ruwan ya koma tudu, da yawansu a cikin kashin dabbobi suke rayuwa.

Gyrinidae su ne masu zagaye-zagaye a fuskar ruwa cikin gungu. Kowane idonsu ya rabu biyu, rabi na duban sama, rabi na duban cikin ruwa. Elmidae ƙanana ne, ba sa iyo, suna maƙale wa duwatsu da dogayen farata a ƙoramu masu gudu. Jikinsu na da gashi mai matuƙar laushi da ke riƙe da siririn bargon iska wanda ba ya ƙarewa, domin iskar da ta narke a ruwa tana shiga cikinsa a kai a kai. Ba sa bukatar tasowa, amma in ruwa ya gurɓace ko ya daina gudu, su ne ke fara ɓacewa, don haka masu auna lafiyar koguna ke duba su.

Saboda iyakar ruwa da tudu ba ta da kaifi, Jäch ya kawo wani rabon a 1998 bisa yanayin rayuwa: na ainihi, wato waɗanda manyansu ke zama cikin ruwa, da waɗanda tsutsarsu kaɗai ke ciki, irin Scirtidae, da masu bin tsiron ruwa, da masu zaman gaɓa. Wannan rabo yana da amfani ga mai aikin fili, muddin bai ɗauke shi a matsayin salsala ba.

Har yanzu ana gano iyalai sukutum. An bayyana Aspidytidae a 2002 daga duwatsun da ruwa ke tsattsafowa a kansu a Afirka ta Kudu, Meruidae kuma a 2005 daga Venezuela, ƙwaron da bai cika milimita 1 ba. A yammacin Ostireliya akwai Dytiscidae makafi, marasa fukafukan tashi, a ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A ƙasarmu, inda tafki ke cika da damina ya ƙafe da rani, tashi sama ke raya da yawansu. Tsutsa takan fito ta haƙa ɗaki a laka ta rikiɗe, babba kuma ya tashi da dare neman wani ruwan, wani lokaci fitila ta ruɗe shi ya faɗo tsakar gida. Ƙiyasin 2008 ya ba yankin Afirka kudu da Sahara jinsi kimanin 2,700 da aka sani, daga cikin kusan 3,750 da ake zato. Ke nan a lokacin kimanin dubu ba su da suna. Ɗalibin da ya ɗebo samfuri a fadamar Haɗeja ko gaɓar Tafkin Chadi ya kamata ya adana shi da kyau, ya rubuta wuri da rana da irin ruwan, kada ya tilasta masa sunan wani jinsin Turai don kawai shi ne a littafin da ke hannunsa.