Daga Kasuwar Kurmi zuwa Wusasa: Tarihin Jama'ar da Ta Ƙi Ƙarewa

Idan aka ambaci Wusasa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne manyan 'yan boko: likitan farko na Arewa, shugaban jami'a, shugaban ƙasa. Ba kasafai ake tuna cewa wannan ƙaramin gari da ke bayan ganuwar Zariya, kusa da dutsen Kufena, ragowar mutane ne suka kafa shi ba, waɗanda sau da dama aka ɗauka tasu ta ƙare.

Labarin ya faro ne daga Kano, tun kafin 'yan mishan na CMS su taka ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda a cikin karatunsa na Alƙur'ani hankalinsa ya tsaya kan ayoyin da ke maganar Annabi Isa. Ya riƙa koya wa almajiransa cewa Isa yana da wani matsayi na daban, har maganar ta kai kunnen fada. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano, Bauchi da Zazzau. Mutane suka riƙa kiransu Isawa, ko Bani Isra'ila. Ba Kiristoci ba ne a lokacin. Manoma ne da malaman allo da ke riƙe da wasiyyar malaminsu cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. Sun yi shekaru arba'in da wani abu suna jira.

Su ma masu kawo labarin ba da daɗi suka iso ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya jagoranci wata 'yar tawaga zuwa Kano, cikinta har da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya sa aka mai da shi gida. Miller ne ya nace. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta a Durumin Maigarke, mutanen gari suka raɗa masa Likita Mila.

Mai tsammanin gwamnatin Turawa ta riƙe masa ƙugu ya yi kuskure. Gwamna Lugard ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma yawancin razdan-razdan suna ganin Miller a matsayin mai jawo musu rigima, musamman da yake mutum ne mai kaifin baki wanda ba ya ganin zalunci ya yi shiru. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma ba a daɗe ana ga-maciji ba. Waɗanda suka fi shan wuya dai su ne 'yan ƙasa da suka karɓi baftisma: wani iyaye su sallama shi, wani a raba shi da matarsa, wani ya rasa gadonsa, a gari kuma a riƙa nuna shi da baki.

A 1913 ne zaren biyu suka haɗu. Wasu daga zuriyar Isawa suka iso wurin Miller a Zariya suna tambaya kan Isa, 'yan mishan suka bi su ƙauyukansu, da yawa suka ce wannan ne abin da iyayensu suka rasu suna jira. Ba duka ba ne. Wasu Isawan sun tsaya kan nasu har yau. Waɗanda suka karɓa aka nema musu fili a Gimi, a ƙasar Maƙarfi, suka taru fiye da mutum ɗari ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiya. Suka share daji, suka gina coci da makaranta, suka yi gonaki. A nan aka kafa injin matse rake, wanda daga gare shi sana'ar mazarƙwaila ta bazu a yankin. Mai sayen mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi da wuya ya san da wannan.

Sai dai fadamar da ta ba su rake ita ce matattarar ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga Gimi. Yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, sai mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, a gona ko a kan akushi, ya rame, hankalinsa ya gushe, daga nan sai kabari. A lokacin babu maganin kirki. Cikin 'yan shekaru garin ya koma maƙabarta, gidaje suka rufe, aka bar marayu. Ba sai an faɗa ba, maƙwabta sun samu abin cewa: ga sakamakon wanda ya bar addinin iyayensa. Wannan ita ce jarrabawa mafi tsanani, domin takobin sarki ana iya ɗaukarsa da alfaharin shahada, amma mutuwar ɗa a hannun ƙuda ba ta da wani kwarjini da za ta ba mutum. Duk da haka waɗanda suka rage ba su koma inda suka fito ba. Aka kwashe su zuwa Zariya, yaran suka shiga makarantar Miller.

Nan ma zaman bai ɗore ba. Hukuma da fada sun gaji da ganin mishan a tsakiyar birni, aka matsa sai ta fita. Wajen 1929 aka koma Wusasa, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan mishan mai suna Guy Bullen. Miller bai so wannan ƙaura ba ko kaɗan, yana ganin gudu ce daga fagen aiki, ya yi fushi ya koma Kano. Tarihi bai goyi bayansa ba. A cikin birni Kiristocin baƙi ne a raɓe. A Wusasa suka zama masu gari, da sarkinsu, da asibitin St. Luke, da makaranta. Cocinsu na St. Bartholomew magina Hausawa ne suka ɗora shi da tubali da azara, da bakan gizo irin na soron sarakuna, ta yadda mai shiga ba zai ce daga Ingila aka kwaso fasalinsa ba. A 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, aikin da Miller ya ba da rabin rayuwarsa a kai tare da abokan aikinsa da malaman Hausawa. Mai zaman makoki yanzu yana iya karanta Zabura da labarin Ayuba da harshen da yake kuka da shi.

Daga wannan 'yar jama'a ne aka samu Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka samu John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, ya sha tsare bayan juyin mulkin 1983, ya ƙare rayuwarsa yana duba marasa lafiya da wa'azi a Samaru. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azi daga Filato, a Wusasa ya tashi. Ana yawan danganta wannan duka ga makarantar boko kawai, amma makaranta ba ta tsayawa sai da iyayen da suka yarda su zauna, kuma wasu daga cikin waɗannan iyaye sun binne 'ya'ya a Gimi ba su fasa zuwa sujada ba.

Wahala ba ta ƙare da zamanin Turawa ba. A Maris 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da kewayenta, aka ƙone coci-coci da dama. Jama'a suka sake gini. Yau Wusasa hedikwatar dayosis ce ta Angilikan mai cin gashin kanta, tana da kwalejin horar da limaman coci ta St. Francis, kuma ana gudanar da sujada da Hausa kowace Lahadi.