Ɗaukar Mai Aikin Gida da Ƙayyade Sa'o'in Aiki

Yawancin saɓanin da muke gani tsakanin uwargida da mai aikatau yana tasowa ne daga rashin ƙayyade lokaci tun farko. Don haka muke ba da shawara a lissafa ayyukan kafin a nemi mai yin su. Shara da wanke-wanke a ƙaramin gida mai famfo ba sa cinye yini. Amma inda ake ɗebo ruwa daga rijiya, a yi surfe, a kai niƙa, a girka da itace, aikin yakan kai la'asar. Raino kuwa ba ya da lokacin tashi, shi ya sa mai kwana a gida ta fi kowa cutuwa, domin akan tashe ta da asuba, kuma ita ce ƙarshen kwanciya.

Dokar Ƙwadago ta 1971 ta tanadi hutun sa'a 1 ga wanda ya yi aikin sa'o'i 6 ko fiye, da hutun kwana 1 a kowane mako. Muna ganin wannan ma'auni ne da ya dace magidanta su bi. A faɗi lada da ranar biya a gaban mai unguwa ko wani shaida.

Muna kuma jan hankalin dagatai da jami'an ƙananan hukumomi cewa dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Hukumar NAPTIP ce ke karɓar irin wannan ƙara.