Garwa: Kogi, Gandun Daji da Abin da Ya Kori Baƙi

 Yau hirar tamu a kan Garwa ce, hedikwatar Lardin Arewa a Kamaru, garin da da yawanku kun kwana a cikinsa ko kun ci kasuwarsa.

Kogi ne ya yi Garwa. Fulani sun kafa lamidancinta a zamanin Modibbo Adama, a bakin Binuwai, inda ruwa da ciyawa suka wadata. Jamusawa suka ci ta a 1901, sannan Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta a 1915. A da can, da damina, idan kogi ya cika, jiragen ruwa kan taso daga Najeriya da gishiri da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, kuma a mulkinsa yankin ya samu kamfanin auduga na SODECOTON a 1974 da madatsar ruwa ta Lagdo a 1982.

Bayan ciniki, akwai abin kallo. Gandun daji uku ne a lardin: Binuwai, Faro da Buba Njidda, masu giwaye, dorina, raƙuman dawa da zakuna. Tun 1970 ake koyar da kula da namun daji a makarantar Garwa, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Ga Dutsen Tingelin, ga kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, ga fadar Lamiɗon Rai Buba. A da can, da rani Turawa kan cika masaukai, direba ya samu, dukawa da masu sassaƙa su samu, mai nono ma ta sayar.

To, me ya faru? Tun shekarun 1980 masu tare hanya, waɗanda ake kira zargina, suka addabi matafiya. Yaƙe-yaƙen Chadi da Afirka ta Tsakiya suka sa bindiga ta yi araha. Gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001, fashin kan titi ya ragu. Sai ɓarayin suka sake salo, suka koma ruga: a ɗauke ɗan makiyayi, a ce sai an sayar da shanu an fanshe shi. Mutanen Mayo Rai da Tuboro ba sai an ba su labari ba. Garken da aka tara shekara talatin, a mako guda yake ƙarewa.

A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. A Fabrairun 2013 kuma Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza. Waza na da nisa da Garwa, amma baƙo ba ya rarrabewa. Da ya ji "arewa" sai ya fasa tafiya.

Akwai kuma abokin tafiyar bindiga, wato ƙwayar tiramol. Yawancinta daga Indiya take fitowa, ta sauka a tashoshin teku, ta bi hanyoyin da kayanmu suke bi. Mai babur na sha, manomi na sha, har shanun huɗa ake ba su don kada su gaji. A 2013 wasu masana suka ce sun gano maganin a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. A 2014 wasu masana a Jamus suka nuna ba itacen ne ke yin sa ba, fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar ne suka shiga ƙasa. Ku ji fa, har ƙasa ta sha! Yaron da ƙwaya ta kama kuwa, kuɗin sayenta zai nema ko ta halin ƙaƙa, kuma irinsa ɓarayin daji ke saye ya nuna musu rugar da ke da shanu.

A Janairun 2022 filin Rumde Ajiya ya karɓi wasannin cin kofin Afirka, baƙi suka zo suka koma lafiya. Ashe abin mai yiwuwa ne. Saura namu: falke ya duba kunshin da aka ba shi saƙo kafin ya ɗora, makiyayi ya daina ba sa ƙwaya, ya kuma san da wa ɗansa ke yawo ranar kasuwa. Allah ya tsare mana dukiya da 'ya'ya. Sai mako mai zuwa.