Matsalar Magaji a Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa: Tarihin Manchester United da Liverpool, 1969–1985

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a waiwayi yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa guda biyu na ƙasar Ingila suka zaɓi magaji bayan da shugabannin da suka gina su suka sauka. Ƙungiyoyin su ne Manchester United, wadda Matt Busby ya sauka daga jagorancinta a 1969, da Liverpool, wadda Bill Shankly ya bari a 1974. Shekara biyar ce kawai tsakani, kuma dukkansu ɗan gida suka naɗa, amma ɗaya ta faɗi, ɗaya ta ɗaukaka. Za a yi ƙoƙarin gano dalilin wannan bambanci.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a rarrabe kalmomi biyu da akan gwama su a Hausar rediyo, watau koci da manaja. Koci shi ne mai horar da 'yan wasa a fili. Manaja kuwa, a Ingila ta wancan zamani, shi ne wuƙa da nama: shi ke zaɓen masu buga wasa, shi ke sayen ɗan wasa da sayar da shi, kuma da shi ake ƙulla maganar albashi. Kamar yadda za a gani a gaba, wannan rarrabewa tana da muhimmanci.

2.0 Manchester United Bayan Busby

Matt Busby, mutumin Sikotilan, ya kama aiki a 1945, lokacin da filin wasan ƙungiyar yake a rushe saboda bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ci gasar lig sau biyar tsakanin 1952 da 1967. A ranar 6 ga Fabrairu, 1958, jirgin saman da ya ɗauko 'yan wasansa ya yi haɗari a birnin Munich na Jamus, mutum 23 suka rasu, takwas daga cikinsu 'yan wasa, shi kansa ya sha da ƙyar. Ya sake gina ƙungiyar har ta ci Kofin Turai a 1968, bayan ta doke Benfica da ci 4 da 1 a Landan. Duk wanda zai gaji mai irin wannan tarihi, lalle ya ɗauki kaya.

A Janairun 1969 Busby ya ba da sanarwar zai sauka a ƙarshen kakar wasa. Sai dai saukar tasa rabi ce, domin ya koma babban manaja mai kula da sha'anin mulki. Aka naɗa Wilf McGuinness, ɗan shekara 31, tsohon ɗan wasan ƙungiyar wanda karaya a ƙafa ta raba shi da wasa tun yana saurayi. Da farko ma ba a kira shi manaja ba, babban koci aka ce, kuma ciniki da albashin 'yan wasa ba su fita daga hannun Busby ba. Daɗin daɗawa, manyan 'yan wasan, irin su Bobby Charlton, sa'o'insa ne da suka tashi tare. Wanda duk aka ajiye a benci ya san ƙofar da zai kai kuka.

Akwai kuma matsalar da ba McGuinness ne ya haddasa ta ba. Ƙungiyar da ta ci Kofin Turai ta fara tsufa: Charlton ya haura shekara talatin, Denis Law na fama da ciwon gwiwa, George Best kuwa ya fara ƙin jin magana. McGuinness ya kai wasan kusa da na ƙarshe sau uku a gasannin kofi, bai haye ko ɗaya ba. A Disambar 1970 aka sauke shi, Busby ya dawo ya riƙe har ƙarshen kakar.

A 1971 sai aka nemo bare, watau Frank O'Farrell daga Leicester City. Shi kansa ya ba da labarin cewa da ya zo ya tarar Busby na zaune a ofishin manaja, ana shirya masa wani ƙarami a gefe, sai da ya kafe kafin aka ba shi na ainihin. Ya fara da ƙafar dama, amma a Disambar 1972, bayan Crystal Palace ta zura musu ƙwallo biyar ba ko ɗaya, aka sallame shi. Tommy Docherty ya karɓa, kuma a hannunsa ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 1974, shekara shida kacal bayan ta zama zakarar Turai. Ta dawo a 1975, amma ba ta sake cin lig ba sai a 1993, shekara 26 bayan na ƙarshe da Busby ya ci.

3.0 Liverpool Bayan Shankly

Bill Shankly, shi ma mutumin Sikotilan, ya sami Liverpool a rukuni na biyu a Disambar 1959. Ya hayo da ita a 1962, ya ci lig a 1964 da 1966 da 1973, ya ci Kofin Ƙalubale a 1965 da 1974. A ranar 12 ga Yuli, 1974, ba zato ba tsammani, ya ce ya ajiye aiki.

Hukumar ƙungiyar, a ƙarƙashin John Smith, ta naɗa mataimakinsa Bob Paisley, dattijo ɗan shekara 55 wanda yake gidan tun 1939. Ya yi wasa, ya yi jinyar 'yan wasa, ya yi horarwa. Bai nemi muƙamin ba, lallashinsa aka yi. Yana ɗaya daga cikin masu horarwa da suka saba taruwa a wani ɗan ƙaramin ɗakin ajiye takalma a filin Anfield, inda suke tattauna dabarun wasa, suna kuma rubuta abin da ya gudana a atisaye kowace rana.

Ba a daɗe ba matsalar da ta ci McGuinness ta kunno kai. Shankly ya kasa zaman gida, ya ci gaba da zuwa filin atisaye na Melwood, 'yan wasa suna yi masa gaisuwar maigida a gaban sabon manaja. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan shekarar ce kuwa Manchester United ta faɗi. Aka nuna wa Shankly cewa ya ja jikinsa, ba a kuma ba shi kujera cikin daraktoci ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma har ya rasu a 1981 bai sake riƙe wani muƙami a ƙungiyar ba.

Paisley ya yi shekara tara, ya ci lig sau shida, Kofin Turai sau uku (1977, 1978, 1981). Da Kevin Keegan ya koma Hamburg a 1977, shi ya yanke shawarar sayo Kenny Dalglish daga Celtic a kan fam 440,000. Da ya sauka a 1983, Joe Fagan, abokin zamansa a ɗakin takalma, ya gaje shi, ya ci kofuna uku a 1984. Dalglish ya biyo baya a 1985.

4.0 Tsokaci

Daga abin da ya gabata za a ga cewa muhawarar ɗan gida ko bare ba ita ce gundarin magana ba, tunda McGuinness da Paisley duk 'yan gida ne, O'Farrell kuma da yake bare bai tsira ba. Bambancin yana wurare uku.

Na farko shi ne iko. An ba Paisley suna da iko a lokaci guda, McGuinness kuwa alhaki aka ɗora masa, ikon yana hannun wani. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Na biyu shi ne halin da magabaci ya bar gida. Shankly ya riga ya sallami tsofaffin 'yan wasansa tun daga 1970, ya kawo matasa irin su Keegan da Ray Clemence. Busby kuwa ya bar wa magajinsa aikin da ya fi kowane ɗaci, watau sallamar mutanen da suka kawo wa gidan ɗaukaka.

Na uku shi ne inda ilmin gidan yake. A Liverpool yana hannun jama'a, an kuma rubuta shi; a Manchester United mafi yawansa yana kan mutum ɗaya.

5.0 Kammalawa

Tarihi ya sake gwada wannan ma'auni. A 2013 Alex Ferguson ya sauka daga Manchester United bayan fiye da shekara 26 da kofin lig 13. Shi ya nuna David Moyes na Everton, aka ba shi kwantiragin shekara shida. A wannan karon magabaci bai riƙe ofis ba, amma shugaban gudanarwa David Gill ya tafi a lokaci guda, Moyes kuma ya rabu da manyan mataimakan Ferguson, ga 'yan wasa sun manyanta. Sharaɗi na farko ya samu, na biyu da na uku ba su samu ba. A Afrilun 2014 aka sallame shi, kuma daga 2014 zuwa 2025 ƙungiyar ba ta ci lig ba.

A ƙarshe ya kamata a lura cewa hanyar da Liverpool ta bi ba kyauta ta zo ba. An tsare martabar kujera, amma an ɓata ran mutumin da ya kafa ta. Manchester United ta girmama Busby yadda ya cancanta, ta biya da manajoji biyu da kuma faɗuwa. Wannan shi ne zaɓin da ke gaban kowace hukuma, ta wasa ce ko ta ilmi, ranar da wanda ya gina ta ya ce ya gaji.