Jirgin Ɗan Koyo: Tarihin Fara Tuƙi da Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Ƙyalle

Jirgin ruwa mai ƙyalle shi ne wanda iska ke turawa. Ana kafa masa doguwar sanda a tsakiya, a ɗaura mata ƙyalle mai faɗi, matuƙi ya riƙa ja ko sassauta igiya gwargwadon inda iska ta fito. Irinsa ne alhazan da suka bi ta Sudan a ƙasa suka riƙa shiga daga Sawakin zuwa Jidda. A Turai da Amurka, inda tuƙa shi ya zama wasa da nishaɗi, akwai al'adar da makarantun tuƙi suka daɗe a kanta: ɗan koyo ya fara da ƙarami, mai tsawon ƙafa 8 zuwa 16, sai hannunsa ya faɗa sannan ya nemi babba. Mai jin wannan zai ɗauka tun fil azal haka ake yi. Al'adar kuwa ba ta fi shekara 150 da ɗoriya ba, kuma kafin ta samu gindin zama sai da aka sauya wanda ke tuƙin, aka sauya abin da ake ƙera jirgin da shi.

Wasan ya faro ne daga sama, wajen sarakuna da attajirai. A 1660 mutanen Holan suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar wani jirgin shaƙatawa mai suna Mary, shekara na zagayowa ya yi tsere da ƙanensa James a kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da dawowa, a kan fam 100. A 1720 aka kafa kulob ɗin masu jiragen shaƙatawa a Cork ta ƙasar Ayalan. Wanda aka kafa a Landan a 1815, wanda daga baya ya zama Royal Yacht Squadron, sharaɗinsa shi ne mai son shiga ya mallaki jirgin da bai gaza tan 10 ba. A wancan zamani tambayar girman jirgin farko ba ta taso ba, domin mai jirgi ba shi ke tuƙi ba. Yana da kyaftin da ma'aikata da yake biya, da yawansu masunta ne da ke barin kamun kifi a lokacin zafi su zo aikin albashi. Su sun koyi ruwa tun suna yara a kwale-kwalen iyayensu, shi kuwa maigida nasa zama ne a inuwa. Girman jirgi aljihu yake aunawa, ba gwaninta ba.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 wasu masu matsakaicin hali suka fara cewa su da kansu za su tuƙa. Richard McMullen, ɗan kasuwar hannun jari a Landan, ya fara a 1850 da wani ƙaramin jirgi mai suna Leo da bai wuce ƙafa 20 ba, ya koya wa kansa ta hanyar kuskure da gyara, sannan ya riƙa canza jirgi zuwa mafi girma. Littafinsa, Down Channel, ya fito a 1869. Masu wannan ra'ayi aka sa musu laƙabin Corinthian, wato masu tuƙi don sha'awa ba don kuɗi ba, kuma suka kafa kulob-kulob nasu: Seawanhaka a kusa da New York a 1871, da wanda ya zama Royal Corinthian a Ingila a 1872. Da zarar an sallami ma'aikata, girma ya zama matsala ta gaske. Dole jirgi ya zama daidai abin da mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗaga ƙyallensa, su ja ankarsa, su shigar da shi tasha ba tare da sun fasa na maƙwabci ba.

A Ayalan aka ƙara wata dabara. A 1887 wani lauya, Thomas Middleton, ya shawo kan abokansa a gaɓar Dublin suka yi odar ƙananan jirage iri ɗaya sak, masu tsawon ƙafa 13, waɗanda aka kira Water Wag. Tunda jiragen duk ɗaya ne, wanda ya ci tsere hannunsa ne ya ci, ba kuɗinsa ba. Wannan tsari na ƙira ɗaya shi ne ginshiƙin kusan duk jiragen koyo da suka biyo baya. A 1928 kuma Uffa Fox ya ƙera Avenger mai ƙafa 14, wanda ke ɗagowa ya zame a saman ruwa idan iska ta yi ƙarfi. Cikin tsere 57 ya zo na ɗaya a 52. Daga nan aka daina yi wa ƙaramin jirgi kallon abin wasan yara.

Dalilin da ya sa ƙarami ya fi koyarwa yana cikin lissafi. Idan aka ninka tsawon jirgi sau biyu aka bar siffarsa yadda take, faɗin ƙyallensa zai ninku sau 4, nauyinsa kuma sau 8. Igiyar da yaro ke riƙewa da hannu ɗaya a jirgi mai ƙafa 8, a mai ƙafa 40 sai an naɗe ta a kan na'urar ja, kuma idan ta kuɓuce tana iya karya yatsa. Saurin da ake samu kuwa bai taka kara ya karya ba. Jirgin da ke keta ruwa da nauyinsa yana da iyakar gudu da ta dogara da tsawon jikinsa da ke cikin ruwa: mai ƙafa 16 yana kaiwa kusan mil 5.4 na teku a awa, mai ƙafa 36 kusan mil 8. Sannan akwai batun amsawa. Ƙaramin jirgi ba shi da nauyin ƙarfe a gindi, sai wani allo da ake zurawa ta tsakiyarsa don kada iska ta tura shi a kaikaice, nauyin jikin matuƙi ne ke daidaita shi. In ya ja igiya fiye da kima, nan take jirgin zai karkata. In ya yi sakaci, ya kife, ya jiƙe, ya tayar da shi ya sake hawa. Babban jirgi mai tan-tan na darma a gindi yakan haɗiye kuskure, ɗan koyo bai ma san ya yi ba, sai ranar da iska ta fi ƙarfin haɗiyewar.

Abin da ya mayar da wannan hikima ta zama ta kowa shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. An inganta gam da ba ya jin ruwa da filawud, wato siraran fallayen katako da ake mannewa, don ƙera jiragen sama irin su Mosquito. Da aka gama yaƙi kayan suka yi araha. Kamfanin Fairey, mai ƙera jiragen sama, ya fitar da Firefly mai ƙafa 12, wanda aka yi gasar Olamfik ta 1948 da shi, inda wani matashi ɗan Denmak, Paul Elvstrøm, ya ci zinare.

A 1947, a garin Clearwater na jihar Florida, Manjo Clifford McKay ya kawo wa ƙungiyar Optimist ta garin shawarar a samar wa yara jirgin da uba da ɗa za su iya haɗawa a gida da kuɗin da bai wuce dala 50 ba. Wani maƙerin jirage, Clark Mills, ya zana shi: tsawo mita 2.3, ƙyalle ɗaya, goshi a daddaƙe kamar akwati domin filawud ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Ba kyakkyawa ba ne, wasu ma suna kiransa bahon wanka. Amma yana da wuyar kifewa, nauyinsa kilo 35 ne kacal, kuma yaro ɗan shekara 8 zai iya sarrafa shi shi kaɗai. Axel Damgaard ya kai shi Denmak a 1954, daga can ya bazu a Turai, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1965. Ana tsere da shi har zuwa shekara 15, kuma da yawa daga cikin masu cin lambobin Olamfik a wannan wasa da shi suka fara. Da rarrafe yaro kan tashi.

Faransa ta bi ta hanyar makaranta. Philippe da Hélène Viannay, waɗanda suka yi gwagwarmayar ƙin mamayar Jamus, sun kafa Les Glénans a 1947 a wasu tsibirai na gaɓar Bretagne. Don wannan makaranta Jean-Jacques Herbulot ya zana Vaurien a 1951, mai tsawon mita 4 da 'yan kai, da niyyar kada farashinsa ya wuce na kekuna biyu. A Ingila kuwa jaridu ne suka ɗauki nauyin abin. Jack Holt ya zana Cadet na yara a 1947 da GP14 a 1949 don mujallar Yachting World, sai Enterprise mai shuɗin ƙyalle a 1956 don jaridar News Chronicle. Wanda ya fi su shahara shi ne Mirror, wanda Holt ya yi tare da Barry Bucknell, mai shirin gyare-gyaren gida a talabijin na BBC, jaridar Daily Mirror ta tallata shi daga 1963. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 10. A lokacin ana sayar da shi a yayyanke, mai saye ya ɗinke fallayen da wayar tagulla ya shafe mahaɗar da gam, duka a kan fam 63 da sule 11. Ƙyallensa ja ne, launin tambarin jaridar. An ƙera fiye da 70,000. Abin lura shi ne girman Mirror ba teku ce ta ƙayyade shi ba, rufin ƙaramar motar iyali ne.

An yi ta gardama a kan ko ƙaramin jirgi na iya fuskantar teku. A 1963 Frank Dye da abokin tafiyarsa suka tashi daga arewacin Sikotlan zuwa Iceland a cikin Wayfarer, buɗaɗɗen jirgi mai kusan ƙafa 16, suka yi kwana 11. A 1965 Robert Manry, ma'aikacin wata jarida a Cleveland, ya ƙetare Atlantika shi kaɗai a cikin Tinkerbelle mai ƙafa 13 da rabi, cikin kwana 78. Waɗannan tafiye-tafiye sun nuna juriyar mutanen ne fiye da dacewar jiragen, kuma babu malamin tuƙi mai hankali da zai ba ɗalibi su a matsayin abin koyi. Sai dai sun karya zaton cewa tsawo shi kaɗai ne tsaro.

Zuwan faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam a zuba a mazubi, ya ja al'adar ta fuska biyu. A ɓangaren ƙanana ya haifi Laser, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, aka nuna shi a New York a 1971, ya shiga Olamfik a 1996, kuma an ƙera fiye da 200,000. Jikinsa ɗaya ne, mita 4.2, amma ana sa masa ƙyalle iri uku: murabba'in mita 4.7, ko kusan 5.8, ko kusan 7.1. Ma'ana, an koma auna jirgi da nauyin matuƙi, matashi ya fara da ƙaramin ƙyalle ya ƙara girma da jirginsa. A ɗaya ɓangaren kuma faiba ta sa jirgi mai ɗaki da gado da murhu ya shigo hannun ma'aikacin albashi. Pearson Triton mai ƙafa 28 ya fito a 1959, Catalina 22 da Westerly Centaur mai ƙafa 26 a 1969. Ga magidancin da ya fara koyo yana ɗan shekara 40, wanda ba ya sha'awar kifewa a ruwan sanyi kuma yana son ɗaukar iyalinsa, jirgin farko ya zama mai ƙafa 22 zuwa 27: yana da nauyi a gindi, ba ya kifewa da sauƙi, amma har yanzu mutum ɗaya na iya tokare shi daga bangon tasha da hannu. Catalina 22 ma ana ja da mota a ajiye a gida, a huta da kuɗin tasha, wanda ake cajinsa bisa tsawon jirgi.

Daga shekarun 1970 ma'aunin ya ci gaba da hawa. Kamfanonin haya, irin The Moorings da aka kafa a tsibirin Tortola a 1969, suka fara ba mutane manyan jirage su tuƙa da kansu a lokacin hutu. Na'urar naɗe ƙyalle daga wurin zama, da injin jan anka, da ƙaramar farfela a goshi mai juya jirgi a tasha, da GPS, suka ɗauke aikin da a dā sai ƙarti. Hukumomin koyarwa, RYA a Birtaniya da ASA da aka kafa a Amurka a 1983, suka tsara darussa hawa-hawa da takardun shaida, ta yadda mutum zai iya yin makon farko na koyonsa a jirgi mai ƙafa 35 ko fiye tare da malami, ya sayi irinsa bayan shekara guda. Ta wata fuska an kusa komawa zamanin Charles na Biyu, sai dai injina ne suka maye gurbin ma'aikata, kuma injin da ya lalace a tsakiyar iska ba ya rage wa ƙyalle faɗi ko wa anka nauyi. Shi ya sa har yau kulob-kulob, daga Cork zuwa Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, suke riƙe da ƙananan jirage, kuma malamai da dama ke tura ko da mai niyyar sayen babba ya yi 'yan makonni a ƙarami tukuna, inda sandar juya jirgi ke hannunsa ɗaya, igiyar ƙyalle a ɗayan.